Shamuwa, Jan-baki da Dam ɗin Bakolori

A bakin teku a Legas akwai wani gandu mai faɗin hekta 78, gandun Lekki, wanda Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, NCF, ta keɓe a 1990 don kada gine-gine su cinye ɗan abin da ya saura na kurmi da fadamar wannan gaɓa. Mutane kan biya kuɗi su shiga da sassafe, su bi ta gadojin katako da aka shimfiɗa bisa ruwa, madubin hangen nesa rataye a wuya, ba don komai ba sai su ga tsuntsu su rubuta sunansa. In ka kai wannan labari rumfar 'yan hatsi ran kasuwar Talata Mafara, dariya za ka sha. Wani zai ce aikin wanda ya ƙoshi ne, wani ya ce a turo su gonarsa ta shinkafa su kalli jan-baki har idonsu ya gaji. Dariyar tana da hujja, amma akwai mantuwa a cikinta. Mutanen Mafara da Bakura da Maradun sun daɗe suna lura da tsuntsaye fiye da duk mai madubin da ya taɓa shiga Lekki, kuma lurar tasu ilimi ce da aka gina noma da farauta a kanta. Wannan ilimi yana ɗaure da ambaliyar gulbi, shi ya sa ranar da aka datse gulbin shi ma ya fara tsinkewa, ba tare da an sa shi cikin lissafin asara ba.

Sai an san yadda ruwa yake tafiya a wannan kwari kafin a gane maganar. Gulbin Sakkwato yana tasowa daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya gangaro ta ƙasar Maradun da Mafara da Bakura, ya je ya haɗu da Rima a kusa da birnin Shehu. Kafin shekarun 1970, in damina ta yi tsakiya sai gulbin ya cika ya batse, ya malale fadama. Manomi ya riga ya shuka shinkafar da ke jure zurfin ruwa, kifi ya bi ambaliya ya shiga ciyawa ya yi ƙwai. In ruwa ya fara janyewa da kaka sai ya bar tafkuna da laka mai taki: masunta su faɗa tafki, masu lambu su bi danshi da albasa da dankali da taba, Fulani su sauko da shanu. Kowane mataki yana da lokacinsa, kuma watan sama ba ya faɗin wannan lokaci, domin shi na ibada ne, yana zagaya shekara, azumin wata shekara cikin zafi, na wasu shekaru cikin sanyi. Manomi yana buƙatar wata ƙidayar da ke bin rana da ruwa. Ya same ta a taurari, a ganyen gawo da ke zuba in damina ta kama, da kuma tsuntsaye.

Shamuwa ce babbar shaida. Tsuntsuwa ce baƙa mai farin ciki, dogayen ƙafafu, fuskarta kan yi shuɗi lokacin kiwo. Tana cin rani a kudancin nahiyar nan, wajen Zambiya da Zimbabuwe har Afirka ta Kudu, sannan ta biyo ruwan sama zuwa arewa, ta sauka ƙasar Hausa gab da faɗuwar damina. Ba ta neman daji. Cikin gari take sheƙa, kan kuka ko tsamiya ko rimi, gida goma ko ashirin a bishiya guda, ta tara ƙirare tana sassaƙala su, yara na wasa a ƙarƙashinta. Ganinta shi ne sanarwar a gyara gona, a fito da iri, a duba rufin ɗaki. An hana yara jifarta, an kewaye ta da camfi iri-iri, amma wanda ya duba abincinta zai ga camfin yana da gindi: fāra da tsutsar gona take ci, wato abokan gāban shuka ƙarama. Garin da ya kare shamuwa ya kare geronsa, ko ya iya bayyana dalilin ko bai iya ba. Haka kuma balbela da aka yi wa kirari da ci da motsin wani, wanda ya yi kirarin ya tsaya ya ga yadda take bin sawun shanu tana cafke ƙwarin da kofato ya tayar. Wannan bayani ne na ɗabi'ar tsuntsu da masani ba zai gyara ko kalma ɗaya a cikinsa ba.

Da shamuwa ta juya kudu wajen kaka, wasu baƙin kan iso daga arewa. Agwagin ruwa ƙanana, da masu dogayen ƙafa da ke tsattsagar laka, da tsattsewa, suna ƙetaro Bahar Rum da Sahara daga Turai da Rasha su yi hunturu a fadamun ƙasashenmu, su tarar da 'yan gida irin su kirinjijiya da dinya da zalɓe. Masunci ya san zuwansu yana nufin ruwa ya fara sauka. Abin dariya shi ne Turawan da tsuntsayen ke barin ƙasarsu sun yi ɗaruruwan shekaru ba su san inda suke zuwa ba, har malamansu na da suna cewa tsattsewa cikin laka take shiga ta yi barci sai bazara. A 1822 aka harbo wata farar shamuwar Turai kusa da ƙauyen Klütz a arewacin Jamus, aka tarar da doguwar kibiyar Afirka soke a wuyanta, ta yi tafiyar dubban kilomita da ita. Tana nan ajiye a jami'ar Rostock har yau. Kuskuren wani maharbi baƙar fata na cikin abin da ya buɗe wa Turai ido kan hijirar tsuntsaye.

Maharbin ma shi ne ya kai lura ƙarshe. Maharban ƙasar Hausa suna da wata dabara da ake kira da sunan tsuntsun da ake kwaikwayo, burtu. Za a sassaƙa itace a lanƙwashe kamar wuya, a ɗora masa bakin burtu na gaske, a naɗe da fata, maharbi ya ɗaura a goshi, ya lulluɓe jiki da baƙin zane, ya durƙusa cikin ciyawa. Daga nan sai ya riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, yana sunkuyar da kai kamar mai tsinkar abinci, ya ɗago, ya dakata, ya karkata, har ya iso inda kibiya za ta kai barewa ko zabi. Dabarar tana aiki ne don namun daji sun saba da burtu ba sa gudunsa, amma taku ɗaya ya saɓa wa na tsuntsun, sun bazama. Kafin mutum ya iya yaudarar barewa da tafiyar burtu, awa nawa ya kwashe a kwance yana kallon burtu? Irin waɗannan kawunan suna gidajen tarihi na Turai da Amurka yanzu, ana nuna su a matsayin fasahar sassaƙa, alhali sassaƙar ita ce mafi sauƙin aikin. Ko waƙar fada ta wannan yanki, ƙasar da ta haifi Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, ta dogara ne da cewa mai sauraro ya san halin mikiya da na ungulu da na shirwa, in ba haka ba yabo da zambo duk ba za su cije ba.

Mai ja da wannan magana zai ce: to ai duk wannan buƙata ce, ba ƙauna ba. Mai madubin Lekki yana kallon tsuntsu don tsuntsu, manomi kuwa yana kallonsa ne ko don ya ci shi ko don ya kore shi. Gaskiya ne, kuma babu inda ya fi fitowa fili kamar a kan jan-baki. Ɗan tsuntsu ne da bai kai gram 20 ba, amma ana ƙiyasin shi ne tsuntsun daji mafi yawa a duniya, kuma garkensa in ya taso sai ka rantse hayaƙin gobara ne. Tsaron tsuntsu aikin yara ne tun kaka da kakanni: a kafa 'yar rumfa mai tsayi a tsakar gona, a ja igiyoyi zuwa kusurwoyi a rataya musu gwangwanaye da tsummoki, yaro ya hau tun asuba da majaujawa da curin laka, yana ihu yana girgiza igiya. Da rana ta take sai tsuntsu ya tafi shan ruwa, yaro ya sarara, da la'asar a koma. Babu ƙauna a nan ko kaɗan. Sai dai ilimi bai taɓa sharɗanta ƙauna ba. Wannan yaro ya san lokacin da garke ke fitowa, da kurmin da yake kwana, da cewa hatsarin yana kan 'yan makonnin da ƙwaya ke ruwan nono. Iyayensa sun san amfanin shuka gero mai gashi a inda tsuntsu ya yi yawa, sun kuma san in gari ya yi shuka lokaci guda ɓarnar takan rarrabu, wanda ya makara ko ya yi gaggawa shi kaɗai ake tarar wa.

A shekarun 1960 wani masani Bature, Peter Ward, ya yi nazarin jan-baki a yankin Tafkin Chadi, yana buɗe maƙoƙon tsuntsaye yana duba abin da suka ci. Ya gano cewa asalin abincinsu ƙwayar ciyawar daji ce, kuma ƙaurarsu tana bin samuwarta da ƙarewarta. Daga baya ya kai ga cewa kashe su miliyan-miliyan ba ya rage yawansu na dindindin, domin kiwo ɗaya ya isa ya mayar da abin da aka kashe, don haka dabara ita ce a kare gona a lokacin da take cikin hatsari, a kuma daidaita lokacin shuka da girbi. Da jirgin sama da guba aka zagaya aka dawo inda yaron rumfa yake tsaye.

Hujja ta biyu ta mai ja ta fi nauyi, kuma dole a sallama masa rabinta. Ilimin da ba a rubuta ba ba ya iya auna canji mai tafiya a hankali. Tsoho zai ce da can tsuntsu ya fi yawa, amma tsoho yana faɗin haka a kan kome, har daɗin tuwo. Ga shi kuma an cakuɗa lurar da tatsuniya: mujiya ta sha jifa a banza a kan zargin maita, alhali ɓeraye take rage wa rumbu. Abin da Turawa suka kawo shi ne littafi da ƙidaya. David Bannerman ya fitar da juzu'i takwas kan tsuntsayen Afirka ta Yamma tsakanin 1930 da 1951. A 1964 aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya, da mutane irin su John Elgood a Ibadan, da Hilary Fry a Zariya, da Bob Sharland da ya daɗe yana sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa a Kano, kuma mujallarsu ce ta zama Malimbus a 1979. Amfanin irin wannan ƙidaya ya bayyana a 1969, lokacin da masu lissafi a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ke hunturu a bakin Sahara, ya dawo da ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na yawansa na bara. Da aka bi sawu sai aka tarar fari ne ya fara a ƙasashenmu. Tsuntsun ya kai labarin Turai shekaru kafin hotunan yunwar 1973 su kai. Manomin Bakura ya ga farin da idonsa, ba ya buƙatar tsuntsu ya gaya masa, amma ba shi da takardar da zai ajiye gaban hukuma. Raunin iliminsa ke nan, kuma a Bakolori raunin ya yi tsada.

Wannan farin, haɗe da kuɗin man fetur, shi ya haifi dam ɗin Bakolori a kan gulbin Sakkwato. Binciken da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi wa kwarin Sakkwato da Rima a shekarun 1960 ya karkata ga aiki matsakaici da za a bi a hankali. Gwamnatin soja ta zaɓi babba. Kamfanin Impresit na Italiya ya fara gini a 1974 aka gama a 1978, tafki mai faɗin kimanin hekta 8,000 ya kwanta a bayan bango, dubban mutanen ƙasar Maradun suka tashi aka kai su sababbin matsugunai a kan tudu. A gaban dam kuma, a filayen Mafara da Bakura, katafila ta baje gonaki don a ja magudanai a shayar da sama da hekta 20,000. Rikicin diyya da hana noma na tsawon damuna ya kai ga manoma suka tare hanyoyi, ya ƙare da harbin 'yan sanda a ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shehu Shagari. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, masu bincike irin su Yusufu Bala Usman suka ce ɗaruruwa ne. Kusa da wannan jini, maganar tsuntsu ƙarama ce, kuma babu mai hankalin da zai daidaita su. Amma tushen ɓarnar guda ne. Cikin abin da manoma suka yi kuka a kai har da itatuwan da aka tumɓuke, kuka da ɗorawa da tsamiya, waɗanda injiniya ya gani a matsayin cikas ga layin magudana. Su ne miyar gida, su ne inuwa, su ne kuma gidan shamuwa. Masanin ƙasa William Adams, da ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da dam ɗin a farkon shekarun 1980, ya nuna ambaliya ta ragu a zurfi da faɗi da daɗewa, masu shinkafa da yawa sun koma gero da dawa, noman rani na fadama ya ja baya, masunta sun yi ƙaura. Masu tsara aikin sun lissafa abin da za a samu a cikin magudana, ba su lissafa abin da za a rasa a bayanta ba.

Za a ce ai ga tafki an samu, ga ruwa rani da damina, tsuntsun ruwa me yake nema kuma? Akwai gaskiya kaɗan a nan: balbela da zalɓe da masu kamun kifi suna samun abinci a bakin tafki da cikin fagagen shinkafa. Amma yawancin baƙin hunturu ba zurfi suke nema ba. Abin da ke ciyar da su shi ne ruwa mai kai idon sawu wanda ke janyewa sannu a hankali, kullum yana buɗe sabuwar laka mai tsutsa da ƙwayar bado da shinkafar daji. Dam yana tara ruwa wuri guda mai zurfi, ya hana shi shimfiɗuwa, wato ya kawar da ainihin abin da ake buƙata. Ana iya ganin haka a fadamar Haɗeja da Nguru, inda aka yi ƙidaya shekara da shekaru tun da aka fara shirin kare ta a 1987: yawan tsuntsayen ruwa yana hawa da sauka tare da faɗin ambaliya, ambaliyar kuwa tana hannun dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992. A can ne kuma masana tattalin arziki, tare da shi Adams, suka auna suka ga ruwan da aka bari ya malale fadama yana ba da amfani, in an haɗa noma da kifi da itacen wuta, fiye da wanda aka tare don manyan ayyukan ban-ruwa na Kano. Inda agwagwar Turai ta sami abinci, a nan masunci da mai shinkafa suke samu.

Tsuntsun da tsarin ban-ruwa ya yi wa gata shi ne wanda ba a so. Da, in rani ya yi nisa, ƙwayar ciyawa takan ƙaranta, tafkuna su ƙafe, yunwa ta rage jan-baki ko ta kore shi. Yanzu ga ruwa a magudana kullum, ga kacalla da sauran ciyayin ruwa na kwana, ga shinkafa da alkama suna nuna a tsakiyar rani, ɗanyen tsibiri cikin busasshiyar ƙasa, kowa kuma da ranar da ya yi dashe gwargwadon ranar da ruwa ya iso fagensa. Tsohuwar kariyar shuka lokaci guda ta rushe. Amsar hukuma a jihohin arewa ita ce feshin jirgin sama da guba irin fenthion, wadda ba ta tambayar sunan tsuntsu: shaho da shirwa da suka ci gawar su ma sukan tafi.

Adalci ne a ce ba kome ne laifin dam ba. Ungulu, wadda ba ta jewar banza, tana cike da kowace mahauta a ƙasar Hausa cikin shekarun 1970, yau yaro zai iya girma a gari bai ga guda ba. A 2015 aka sa irin ta cikin jerin halittun da ke bakin ƙarewa a duniya, kuma cikin manyan dalilan a Nijeriya akwai cinikin kanta da sassanta a kasuwar 'yan magani. Wannan daga cikin al'adarmu ya fito. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyi iri ɗaya a Nijar da Mali da Burkina Faso wajen 1970, ya sake bin su bayan shekara talatin da 'yan kai, ya tarar manyan ungulaye da gaggafa sun kusa ɓacewa in ba cikin gandun da ake tsaro ba. Gauraka, da ake kira tsuntsun ƙasa na Nijeriya, kamu don ƙawata gidajen manya da bushewar fadama sun kusa share shi daga ƙasar. Al'adar da ta kare shamuwa ita ce ta sayar da ungulu, kuma abin da ya raba su shi ne ɗaya an san amfaninta, ɗayar sai da mushe ya fara ruɓa a bayan gari aka tuna aikin da take yi.

Lokacin da aka fitar da jerin wurare 27 masu muhimmanci ga tsuntsaye a Nijeriya a 2001, babu ko ɗaya a tsohuwar Jihar Sakkwato, duk da Tafkin Natu na Bakura da fadamun Rima. Jerin ya fi nuna inda masu littafi suka taka fiye da inda tsuntsaye suke. Tun 2015 akwai shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya da cibiyar APLORI ta Jos ke jagoranta, inda matasa, da yawansu 'yan Arewa, ke rubuta abin da suka gani ta wayar hannu. Mai ja zai yi tambayarsa ta ƙarshe: wa zai shiga dajin Maradun da madubi a wannan zamani na 'yan bindiga, lokacin da manomi ma da ƙyar yake kai wa gonarsa? Ba wanda zai shiga, kuma bai kamata a tura kowa ba. Sai dai mafi tsadar bayanin ba a daji yake ba. Waɗanda suka yi tsaron tsuntsu a fadama kafin 1974 sun haura shekara sittin yanzu, kuma rashin tsaron ya taro da yawansu cikin garuruwan Mafara da Bakura da Maradun. Su ne suka san wace bishiya shamuwa ke sauka a wane ƙauye, wane tafki dinya ke kwana, wace shekara suka daina ganin gauraka. Tsufa kan ƙara gishiri, amma in an tambayi mutum hamsin daga ƙauyuka ashirin, kowa daban, aka jera amsoshinsu kusa da shekarun fari da shekarar rufe dam, gishirin zai fita. Kwalejin aikin gona tana Bakura, kwalejin fasaha ta Abdu Gusau tana Mafara, kuma ɗaliban da za su yi tambayar jikokin waɗannan tsofaffin ne.